Muntaka Mai-Sawu: Takalmin Da Ya Zo Daga Gumel

Shafi na 23

Salamu alaikum jama'ar arziki. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in ban sako yau ba za ta zo Jidda da kanta ta ƙwace wayata. Ki yi haƙuri Hajiya, ni da babban yatsa ɗaya nake rubutu, shi ma sai an tashi daga aiki.

Wanda yau ya fara shigowa, ga inda muke. Baba Muntaka baduku ne, ya fi shekara arba'in yana gyaran takalmi a kasuwar Bab Makka da ke Jidda, amma ba da wannan aka san shi ba. Da nemo mutanen da suka ɓata aka san shi. A kawo masa tsohon takalmin mutum, ya duba inda ya cinye, sai ya bi ƙofofin masallatai lokacin da jama'a suke cikin salla yana duban takalman da aka cire. Cewa yake mutum yana iya sake suna, ya sake unguwa, ya tara gemu, amma ba ya sake tafiya. Shi ya sa ake ce masa Mai-Sawu. Yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da shi a gidansa na unguwar Hindawiyya, shi da matarsa Rahamatu.

Shekaranjiya wata mata mai suna Zubaidatu, wadda ta zo Umara daga Gumel, ta kawo masa takalmin mahaifinta wari ɗaya. Iyayenta su biyu sun taho aikin Hajji tana 'yar shekara biyar, ba wanda ya koma. Yau da la'asar za ta tafi filin jirgi. Ya ce mata ta dawo bayan azahar ta ji amsa.

To, bismilla.

*

Rahamatu ta fito daga kicin da butar shayi ta same shi inda ta bar shi. Ya miƙe ƙafa a kan darduma, takalmin yana kan cinyarsa. Tsohon takalmin fata ne ɗinkin hannu, ya bushe ya ƙandare kamar kilishin bara.

"Abu Areej," ta kira shi da sunan 'yarsu, irin na Larabawa.

"Na'am."

"Kwana biyu kana juya takalmin nan kamar mai suyar waina. Ai ko waina ce ta ƙone."

Ya yi murmushi bai ɗago ba.

Ta ajiye butar ta zauna a gabansa. "Shekara talatin da takwas ina gidanka. In takalmi ya ba ka wahala, ƙeya kake sosawa. In ka san mai shi, gemu kake shafawa. Tun shekaranjiya gemu kake shafawa."

"Ashe ke ce Mai-Sawun, ni suna kawai na ci."

"Kar ka kawar min da magana. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin yarinyar ta gama kwance ledar."

"La'ilaha illallahu! To esh hada, mene ne haka? Ka bar 'yar mutane tana yawo a Jidda da kumburarrun idanu? Yana raye?"

"Yana raye."

"Wane ne?"

Yatsa kawai ya ɗaga ya nuna ƙofa.

Can ƙasa wani ya fara hawo matakala. Tak, sai shuuu. Tak, sai shuuu. Ƙafar dama tana takawa, ta hagu tana biyo ta da ja.

Rahamatu ta dafe ƙirji. Tafiyar nan ta fi shekara ashirin tana jin ta kullum da hantsi.

"Ammu Sabir?"

"Idris sunansa. Larabawan kasuwa ne suka sa masa Sabir, sunan ya bi shi. Ni kaɗai na san na yanka, ni kaɗai na san ya baro 'ya a gida." Ya tura takalmin ƙarƙashin matashi. "Ki shiga ciki. Kome kika ji kar ki fito."

"Zan shiga. Amma kunnena a nan zan bar shi."

Tana sakin labule sallama ta taso daga bakin ƙofa.

"Salamu alaikum! Sarkin Sawu yana nan, ko shi ma an ɓatar da shi?"

"Shigo, mai jan ƙafa. Tun daga ƙasa ka share mana matakala, Allah ya saka da alheri."

Idris ya shigo yana dariya yana haki. Dogon tsoho ne siriri, mai farin gemu. Sana'arsa jera carbi a Bab Makka, shi ya sa kullum da guntun zare maƙale a gaban rigarsa. Ya ajiye gurasar tamis mai zafi da ƙullin ful, dafaffen waken Larabawa, a kan faranti, ya zauna a gurbin da ya saba, inda dardumar ma ta loɓa ta san shi.

"Mai tamis yana gaishe ka. Ya ce surukarsa ta tafi Madina wata biyu ba ta dawo ba, amma don girman Allah kar ka nema."

"Ka ce masa ya kwantar da hankali, na ajiye aiki."

"Wa ya faɗa? Jiya ma na ji wani direba yana ba da labarinka. Wai ka taɓa gano wani alhajin Turkiyya a cikin mutum dubu ɗari, daga warin safarsa."

"Ƙarya ne. Mutum ɗari uku ne, a masallacin Kurayyat, kuma takalmi na duba."

"Na gaya masa. Ya ce ni ban san ka ba."

Suka yi dariya. Idris ya yagi gurasa ya dangwali ful. Ya ci loma ɗaya, ya ci ta biyu, sai ya tsaya.

"Kai, yau ba ka zagi ful ɗin nan ba. Kullum sai ka ce ba gishiri. Lafiya?"

"Ci ka ƙoshi tukuna."

"A'a. Duk ranar da ka ce min ci ka ƙoshi, akwai magana."

Baba Muntaka ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo takalmin, ya ajiye shi a gefen farantin a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

Lomar da ke hannun Idris ba ta kai baki ba.

"Ina ka samo wannan?"

"Kawo min aka yi."

"Wa ya kawo?"

"Fara gaya min ko ka san shi."

"Takalmi ai duk takalmi ne."

"Ka gaya wa wani wannan, ba ni ba. Dubi bakin yatsu ta gefen ciki, inda ja ya cinye shi. Shekara ashirin da shida ina sa wa takalmanka faci a daidai wurin nan. Ko ido na rufe hannuna zai kai kansa."

Idris ya ajiye lomar. Ya goge yatsunsa a jikin leda, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya taɓa takalmin da bayan hannu.

"Ɗinkin Audu Baduku ne," ya ce a hankali. "Bakin kasuwar Gumel. Ya yi min shi shekarar da aka haifi..."

Ya kasa ƙarasawa.

"Zubaidatu," in ji Baba Muntaka. "Tana Jidda. Ta zo Umara ita da mijinta. Rafi'u sunansa, malamin makaranta ne, na ga hankali a jikinsa. 'Ya'yansu uku. Babban namiji ne."

"Kar ka faɗa."

"Sunanka ya ci. Abba suke ce masa."

Idris ya sunkuyar da kai. Na'urar sanyi ta tsohon zamani tana ta kakari a jikin bango.

"Ta girma?"

"A'a, tana nan 'yar shekara biyar tana jiranka. Wace irin tambaya ce wannan?"

Dariya ta kufce wa Idris, ta fito tare da hawaye.

"Da wa take kama?"

"Hancin naka ne, Allah ya ba ta haƙuri. Sauran ban sani ba, tunda ban taɓa ganin mahaifiyarta ba."

"Ka gaya mata?"

"Ka san dokata."

Jama'a, dokar nan kowa ya san ta a Hindawiyya. Wata shekara can baya Baba Muntaka ya nemo wani bawan Allah, ya kai masu nemansa har ƙofar ɗakinsa, ashe ba da alheri suke nemansa ba. Daga ranar ya rantse ba zai ƙara nuna mutum ba sai mutumin ya yarda da bakinsa. Manya sun roƙe shi, masu kaki sun tsorata shi, bai taɓa karya ta ba.

"To alhamdu lillahi," in ji Idris. "Ka ce mata ba ka same ni ba."

"Ba zan ce ban same ka ba. Shiru zan yi, in ka ce in yi shiru. Amma Idris..."

"Kar ka kira ni da sunan nan."

"Idris. Da la'asar za ta tafi. Mace mai 'ya'ya uku da albashin malamin makaranta, yaushe za ta sake ganin Jidda?"

"Da wane ido zan kalle ta? Tsugunawa na yi a gabanta na ce kwana arba'in zan dawo mata da uwarta. Uwar Kubura ta kama hannuna a bakin mota ta ce ga amana nan. Sai in koma hannu rabbana? A'a. Sai an ga Kubura tukuna. Kai da bakinka ka ce min kana nema. Ranar da ka samo ta, mu koma gida tare, ni da ita."

Kubura ita ce matarsa, mahaifiyar Zubaidatu. A Mina ta ɓace masa cikin taron alhazai. Nemanta ne ya fara kawo shi rumfar Baba Muntaka, da silifarta wari ɗaya a hannu. Duk Jidda an san ita kaɗai ce ta gagari Mai-Sawu.

Baba Muntaka ya kai hannu gemu, ya sauke.

"Akwai abin da zan gaya maka. In na gama, in ka ga dama ka fasa min butar nan a ka, ba zan kare ba."

"Shayin Ummu Areej ne a ciki, ba zan yi asararsa ba. Faɗi."

"Kubura ba ta gagare ni ba."

Idris bai motsa ba.

"Wata huɗu da zuwanka na gano ta. Wata 'yar Maraɗi mai shara a wani asibiti a Makka ita ta nuna min kayan da aka ajiye na waɗanda ba a san danginsu ba. Ɗaya silifar tana ciki, da zane mai ruwan ganye kamar yadda ka kwatanta min. Zafin rana ne ya kayar da ita. Munduwar shaida ta fita daga hannunta, ba a san ko wace ce ba. Kwana biyu ta yi ta cika. Matar ta ce da kalmar shahada a bakinta. An yi mata salla a Harami, an rufe ta a Makka."

Ya ci gaba.

"Na dawo zan gaya maka, na same ka ka sayo mata atamfar salla kana nuna min kana cewa ko za ta so kalar. Na ce bari sai gobe. Gobe ta zama mako. Mako ya zama shekara. Daga nan maganar ta yi min nauyi, na kasa ɗaga ta. Kuma ba zan ɓoye maka ba, tunda yau ranar tonawa ce. Na saba da kai. Ni a hanya aka haife ni, iyayena suna tafiyar ƙafa ta Sudan, ba ni da wa ba ni da ƙane. In ina bakin aiki, jama'a na ciki suna salla ni ina waje ina duban takalma, kai kaɗai kake jirana mu yi jam'inmu mu biyu. Na ji tsoron in na faɗa za ka tafi. Ni na cinye maka shekara ashirin da shida. Ni na hana yarinyar nan uba. Ka yafe min ko kar ka yafe, amma Kubura ba za ta dawo ba. Ba abin da ya rage ka jira."

Ya rufe fuska da tafin hannu.

Idris ya ɗauki butar. Ya zuba shayi a ƙaramin kofi, ya tura masa gabansa.

"Sha."

"Ba ka ji abin da na ce ba ne?"

"Na ji. Na sani."

Baba Muntaka ya sauke hannu.

"Ka san me?"

"Na san ta rasu. Tun shekarar."

"Wa ya gaya maka?"

"Kai."

"Ni?"

"Kai ba ka san yadda kake addu'a a sujada ba? Kana tsammani raɗa kake yi, amma na bayan sahu ma yana ji. Ina gefenka kafaɗa da kafaɗa kana cewa Allah ka jiƙan babana, Allah ka jiƙan innata, Allah ka jiƙan Kubura matar Idris. Ana cewa Allah ya jiƙan wanda ake nema?"

Bakin Baba Muntaka ya buɗe, ya kasa rufuwa.

"Mai-Sawu ke nan," in ji Idris yana share ido da bakin hannun riga. "Wanda ya gano alhajin Turkiyya. Sau biyar a rana kana tona wa kanka asiri."

"To me ya hana ka magana, kai tsohon banza?"

"In na yi magana ai sai in koma gida."

Ya juya kofin da ke gabansa, ya sake juya shi.

"Ban taɓa gaya maka yadda ta ɓace ba. Na ce taro ne ya raba mu. Ba taro ba ne, ni ne. Ina riƙe da bakin mayafinta muna tafiya wajen jifa. Ta ce kar ka sake ni, Malam, jiri nake ji. Sai ƙullin tsakuwoyina ya kwance suka zube. Ni ɗan ƙauye, ban san ana iya tsintar wasu a gaba ba, na ɗauka in suka ɓata Hajjina ya lalace. Na saki mayafin na sunkuya. Tsakuwa bakwai, Muntaka. Na tsince su duka, ban rasa ko ɗaya ba. Na ɗago babu Kubura."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Muddin kana cewa kana nema, ni mai jira ne. Sabir, mai haƙuri. In ka daina nema, ni ne mutumin da ya sayar da uwar 'yarsa a kan tsakuwa. Shi ya sa na bar ka kana ta yi min ƙarya. Ba kai ka riƙe ni ba. Ni na laɓe a bayanka."

Labule ya yaye da ƙarfi.

"Wallahi na kasa!" Rahamatu ce, fuskarta sharkaf da hawaye, mayafinta a karkace. "Tsofaffi biyu! Shekara ashirin da shida kuna cin ful a faranti ɗaya, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ɓoyo kamar yaran makarantar allo! Ni kuma ina ta dafa muku shayi!"

"Na ce kar ki fito," in ji Baba Muntaka.

"Ka ce, ban ce to ba." Ta juya ga Idris, ta sassauta murya. "Ya Ammu Sabir. Ya akhuya, ɗan'uwana. Kwanan Kubura ne ya ƙare. Ko da igiya ka ɗaure ta a jikinka, ranar ba za ta wuce ba. Kuma wa ya sami irin rabonta? An yi mata salla a Harami. Amma yarinyar nan tana raye. Na ba ta ruwa da hannuna shekaranjiya. Halas, ya isa haka."

"Ummu Areej, in ta tambaye ni ina Inna fa?"

"Ka gaya mata gaskiya."

"In ta ce me ya hana ka ko wasiƙa?"

Rahamatu ta kau da kai.

"Kin gani. Gara ta tafi da uban da ya mutu a hanyar Allah, da ta tafi da matsoraci." Ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. "Muntaka, amsata ke nan. Ban yarda ba. Ka riƙe dokarka. Zan tafi Bab Makka, ba zan dawo unguwar nan ba sai bayan magariba."

"Idris, zauna."

"Ka rantse za ka riƙe."

"Ba sai na rantse ba. Ka san zan riƙe. Shi ya sa nake roƙonka."

Idris ya nufi ƙofa. Bai kai ga taɓa ta ba aka ƙwanƙwasa.

"Salamu alaikum. Baba, ni ce, Zubaidatu."

Su ukun suka kalli juna. Ko ƙarfe goma ba ta yi ba. Gidan kuma ƙofa ɗaya gare shi, matakala ɗaya.

Idris ya ja da baya har ya jingina da bango, ya sulale ya zauna a lungu. Ya zaro carbi daga aljihu ya sunkuyar da kai.

Rahamatu ta share fuska ta buɗe.

"Tafaddali ya binti, shigo."

Zubaidatu ta shigo cikin dogon hijabi ruwan toka, da 'yar jaka a kafaɗa. Ta durƙusa har ƙasa.

"Baba ina kwana. Mama ina kwana. Ku gafarce ni na zo kafin lokaci. Shugaban tafiyarmu ne ya ce an matso da jirgin, yanzu za mu wuce. Maigidana yana ƙasa a mota."

Sai ta hango tsohon da ke lungu, ta juya ta sake durƙusawa.

"Baba ina kwana."

Idris ya ɗaga hannu kawai, kansa a ƙasa.

"Abokina ne," in ji Baba Muntaka. "Sabir ake ce masa."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba Sabir."

Ta dawo da idonta kan Baba Muntaka. Ba ta tambaya ba. Ido kawai ta zuba masa.

Jama'a, mutumin nan ya tsaya gaban manyan 'yan sanda bai ji ɗar ba. Amma ranar nan ƙasa ya kalla.

"'Yata," ya ce, "ba ni da abin da zan iya gaya miki."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa.

"Ba komai, Baba. Dama an gaya min shekarun sun yi yawa. Na gode da ka karɓa ma ka duba. Allah ya saka da alheri, ya ba ka lafiyar ƙafa."

Rahamatu ta fashe da kuka ta toshe baki da mayafi.

"Haba Mama, ke da za ki ba ni haƙuri? Ki daina, don Allah. Na yi ɗawafi na roƙa musu gafara, wannan ma babban rabo ne." Ta juya ga Baba Muntaka. "Sai dai Baba, in ba damuwa, zan koma da takalmin. Shi kaɗai gare ni."

"Naki ne."

"Ka san abin dariya? Ni na ɓoye shi." Ta yi murmushi, idonta ya cika. "Ranar da za su tafi na ji ana cewa mota ta zo, sai na ɗauke wari ɗaya na ɓoye. A hankalina na yara, mutum ba ya tafiya da takalmi ɗaya. Ya yi ta nema. Ya ce Zubaida, ba ki ga takalmina ba? Na ce ban gani ba. Sai ya sa silifa ya tafi."

Carbin da ke hannun Idris ya daina motsi.

"Har na yi aure ban gaya wa kowa ba. Na san ba hankali a ciki, amma har yau in na tuna sai in ga kamar fushi ya yi. Ƙaryar da na yi masa ita ce maganata ta ƙarshe da shi. Ni ba wani abu na zo nema a wajensa ba, wallahi. Ko kabari aka nuna min, in tsaya in ce Baba ga shi, ni na ɗauka, ka yafe min."

A ƙasa mota ta yi oda sau biyu.

"Ga shi can yana kira. Bari in tashi."

Baba Muntaka ya ɗauki takalmin. Ya yunƙura kamar zai miƙe, ya dafe gwiwa ya koma.

"Kai, gwiwar nan. Sabir, kai ne kusa da ita. Miƙa mata."

Ba shi ne kusa da ita ba. Kowa a ɗakin ya ga haka. Amma Baba Muntaka ya riga ya tura takalmin a kan darduma har ya taɓa ƙafar Idris.

Idris ya dube shi, Baba Muntaka ya kau da kai yana kallon bango.

Tsohon ya ɗauka da hannu biyu. Zubaidatu ta matso a durƙushe, ita ma ta miƙa hannu biyu ta kama ɗaya gefen.

"Na gode, Baba Sabir. A sa mu a addu'a."

Ta ja a hankali.

Bai saki ba.

Ta ɗauka tsufa ne, ta ɗan jira, ta sake ja.

"Baba, ka saki mana, mota tana jira."

Oda ta sake tashi, doguwa.

Idris ya ɗago kai. Karon farko ke nan da ya bari ta ga fuskarsa.

"Bayan randar kakarki kika cusa shi," ya ce. "Ina tsaye a zaure ina kallonki."